Kebul na lilo a saman dibi: a ina ake kafa kilif na farko?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum manyanmu. Tambaya gare ni, a taimaka. Muna wani aiki ni da ogana, dibin, wato akwatin da ke rarraba wutar gida, a kan bango yake, ba binne shi aka yi ba. Kebul duk daga silin suka sauko, tsakanin silin da kan akwatin zai yi rabin mita ko ya ɗan fi. Wanda ya fara aikin kafin mu ya fasa ƙatuwar kafa guda a saman akwatin ya zuba su duka a ciki, ba kilif, ba bush, wato zoben robar da ake sa wa bakin kafa. In ka taɓa ɗaya sauran sai su motsa. Oga ya ce a kwance a sake, mai gida kuma ya ce ai wuta na kamawa, me za a taɓa? Ni abin da nake son sani, a doka nisan nawa ake bari tsakanin dibi da kilif na farko? Kuma dole ne a sa su a bututu, ko za a iya barinsu a fili?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a je ga doka, yi wannan. Kashe wuta, buɗe murfin, ka ɗan ja kebul ɗaya daga waje a hankali idonka na kan bireka, wato makunnin da ke katse wuta in lodi ya yi yawa. In ka ga wayar ta motsa a bakin sukurun, to sukurun ne ke ɗauke da kebul ɗin. Shi kuwa ba don ɗaukar kaya aka yi shi ba, aikinsa ya matse jan ƙarfe wuta ta wuce. Yau a ja, gobe a ja, sai ya saki. In ya saki wurin ya fara zafi, roba ta yi baƙi, daga nan sai warin ƙauri. Oganka na da gaskiya.

Injiniya: Baba, a ƙara masa da cewa ko ya kashe babban makunnin dibin, bakin da wuta ke shigowa daga mita yana nan da rai. Ya gwada da testa kafin ya kai hannu, kuma oga na tsaye.

Game da lamba, a kundin wayarin na Amurka, NEC, amsar a rubuce take. Sashe na 334.30 ya yi magana kan kebul mai rigar roba da suke kira NM: a ɗaure shi cikin inci 12, wato milimita 300, daga inda ya shiga kowane akwati, dibi ma a ciki. Daga nan kuma kada tazarar da ke tsakanin kilif da kilif ta wuce ƙafa 4 da rabi, mita 1.4 ke nan. A bugun 2020 suka ƙara wani sharaɗi, saboda masu barin kebul ya yi lanƙwasa mai tsawo kafin ya shiga akwati: tsawon kebul ɗin kansa daga bakin akwati zuwa kilif na farko kada ya haura milimita 450. Sannan sashe na 312.5(C) ya ce a kama kowane kebul a jikin akwatin. Kilif a bango daban, abin kama shi a bakin akwati daban, duka biyun ake so.

Sha-Yanzu: To fa. An fara karanto mana lambobi. Injiniya ranka ya daɗe, ni tunda nake aiki ban taɓa auna milimita 300 ba, kuma ban taɓa jin kebul ya faɗo ya kashe wani ba. A naɗe bakin kafar da salatif, a ɗaure kebul ɗin da tai, wato siririyar igiyar roba mai maƙalewa, guda biyu, an gama. Yaron nan so kuke ku sa ya rasa kwastoma.

Malama Mai Testa: Injiniya, ban ƙi lambobinka ba, daidai ka kawo su. Amma ba mu tambayi yaron da wane kundi ake duba aiki a inda yake ba. Kebul ɗin NM da NEC ke magana a kai an fi amfani da shi ne a gidajen katako, inda kebul ke bi tsakanin ginshiƙan bango ana buga masa maƙale. Wurare da yawa kuwa kundin Ingila suke bi, BS 7671, ko wani da aka ɗauko daga ƙa'idar IEC 60364. A BS 7671 ba za ka samu layin da ya ce kilif na farko a milimita kaza ba. Abin da ƙa'ida ta 522.8.5 ta ce shi ne a tallafe kebul yadda ba zai sha ja ba, kuma kada jan ya kai ga wurin da aka ɗaure wayar. Har ta ambaci manyan wayoyin da ke zuwa daga mita. Maganar Baba ce dai, aka sa mata lamba. Tazarar kilif kuwa a littafin jagorar aiki na IET, ƙungiyar injiniyoyin da ke fitar da BS 7671, take: ƙaramin kebul da kaurinsa bai wuce milimita 9 ba, milimita 250 in a kwance yake tafiya, 400 in a tsaye.

Ƙanena, wanne ake bi a wurinku?

Ɗan Koyo: Anti, zan tambayi oga da safe. Wayar dai ta 2.5 ce da ta 1.5, mai faɗin nan.

Malama Mai Testa: In da milimita ake kiran wayar, da wuya a ce NEC ne, su da lambar AWG suke kiran tasu. Amma ka tambaya. Kada ka ɗauki rabi a nan rabi a can, ka zaɓi mai sauƙi a kowanne. Sufeto littafi ɗaya zai buɗe.

Injiniya: Na yarda, Malama. Sai dai wanda ya kafa kilif a cikin milimita 300 bai saɓa wa kowanne ba. Shi ya sa nake ba masu koyo lambar. Ka ce wa yaro "yadda ba zai sha ja ba", kowa da irin fahimtar da zai yi masa. Ga Sha-Yanzu nan, a wurinsa tai biyu sun isa.

Sha-Yanzu: Ni aka gani ke nan.

Tsohon Hannu: Sha-Yanzu, salatif ɗin nan naka nake son mu tsaya a kai. Ka taɓa buɗe tsohon dibi ka ga salatif da ya shekara a cikin zafi? Gam ɗin ya narke ya zama danƙo, tef ɗin ya warware yana reto, bakin ƙarfen ya fito tsirara. Kafar da aka fasa da kurfi ko aka ɓalle da filaya kaifi gare ta, sa yatsa ka ji. Kebul yana ɗumi ya saki, ya huce ya tsuke, ana buga ƙofa bango na girgiza, a hankali ƙarfen ke cin rigar. Ranar da ya kai ga jan ƙarfe, in akwatin na da at mai kyau, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, bireka ta faɗi, an yi sa'a. In at ɗin ma na jeka-na-yi-ka ne, jikin akwatin ya ɗauki wuta yana jiran wanda zai dafa. Bush ɗin roba ko gilan ai don wannan aka yi su. Gilan ya fi, don shi yana matse rigar ya riƙe ta, bush kuwa kare ta kawai yake daga kaifi.

Wani abin kuma da nake yawan gani, a fere rigar waje tun kebul bai shiga akwati ba, sai ka hango ja da baƙi ko ruwan ƙasa da shuɗi a waje. Wannan kuskure ne a kowane littafi. Rigar ta shiga ciki tukuna, sannan a fere.

Malama Mai Testa: Ƙwarai Baba, ƙa'ida ta 526.8 ke nan a BS 7671: wayar da aka cire wa rigar waje dole ta kasance cikin abin da ya rufe ta. Akwai kuma batun saman akwatin da ba a taɓo ba. Saman dibi da hannu ke iya kaiwa, ana son ya kai matakin IP4X, ma'ana ko waya mai kaurin milimita 1 kada ta samu hanyar shiga. Gefe da ƙasa kuwa IP2X, kada yatsa ya shiga. Ƙatuwar kafar da ƙanena ya kwatanta, ƙusa za ta faɗa, ƙura za ta taru, ƙadangare ma zai samu ɗaki. Ko da kilif ɗari aka kafa a bango, wannan kafar kaɗai za ta kayar da aikin.

Ɗan Koyo: To in na sa bututu babba guda ɗaya daga silin zuwa kan dibin, na zuba su duka a ciki fa? Zai yi kyau a ido, kuma ba abin da zai taɓa su.

Injiniya: A nan NEC ya buɗe ƙofa, amma da sharuɗɗa, suna ƙarƙashin 312.5(C) ɗin nan. An yarda kebul ya shiga ta saman akwatin da ke kan bango ta cikin bututu mara lanƙwasuwa, tsawonsa daga milimita 450 zuwa mita 3, ba tare da an kama kowane kebul a bakin akwati ba. Sai dai bututun ya miƙe sama kai tsaye, kada ya huda rufin ginin ya wuce. A sa masa abin kare kaifi a baki biyun. A ɗaure kowane kebul cikin milimita 300 daga bakin bututun na sama. A toshe bakin na sama. Rigar kebul ta bi bututun ba yanka, ta leƙa cikin akwatin aƙalla milimita 6. Bututun kansa a kafe shi, kuma kada a cusa masa fiye da ƙima. Mutane suna tuna bututun su manta da sauran.

Sha-Yanzu: Ka ji ko. Abin da na ce a yi da tai, shi ne za a yi da bututu. Duk dai tara su ne wuri ɗaya.

Malama Mai Testa: A nan kam ka taɓo gaskiya, ko da ba da niyya ba. Tara kebul wuri ɗaya yana da farashinsa, zafi. Kowace waya da ke ɗauke da lodi tana fitar da ɗumi, in an cure su ba inda ɗumin zai je. Ɗauki kebul na 2.5 mai faɗi: shi kaɗai a kafe a bango, teburin BS 7671 ya ba shi am 27, wato iyakar lodin da zai ɗauka. Haɗa layi biyu, a ninka da 0.80. Uku, 0.70. Shida, 0.57, wato am 27 ya dawo wajen 15. Bireka ta am 20 da ke kansa ba ta san an yi haka ba, ba za ta faɗi ba, rigar PVC kuwa digiri 70 aka yi ta ta jure. Wuce nan kullum, sai ta bushe ta fara tsagewa.

Amma kada a tsorata yaro. Littafin ya ce layin da ba zai ɗauki fiye da kashi 30 cikin ɗari na abin da aka ƙayyade masa a cikin tarin ba, ana iya cire shi daga lissafi. Layin ƙwan fitila na zamani kusan ba ya jan komai. Waɗanda ake sa wa ido su ne na hita, na kukar girki, na na'urar sanyaya ɗaki. Ni in ni ce, waɗannan zan ware musu hanyarsu, sauran su tafi tare.

Injiniya: NEC ma haka, ta wata hanyar. Wayoyi masu ɗauke da lodi in sun wuce uku, 4 zuwa 6 a koma kashi 80, 7 zuwa 9 kashi 70, 10 zuwa 20 kashi 50. Amma in tsawon wurin da aka tara su bai wuce milimita 600 ba, ba a rage komai. Shi ya sa masu aiki da NEC ke son bututun nan ya tsaya tsakanin 450 da 600: ya cika sharaɗin farko, bai shiga na biyu ba. Rabin mitar da Ɗan Koyo ya faɗa ta faɗa daidai ciki.

Malama Mai Testa: Ta faɗa ciki in NEC yake bi. Kada ya je ya ce wa mai duba aiki da BS 7671 wai an yafe masa milimita 600.

Injiniya: Malama ba za ki bar ni in sha ruwa ba yau.

Tsohon Hannu: Ni dai da turankin mai faɗi, wato kwararon kebul mai murfi, zan yi, ba bututu ba. A zaunar da shi daf da kan akwatin, a jera kebul a ciki kowanne da layinsa, kowanne ya shiga ta kafarsa da bush. Gobe in za a ƙara layi, murfi kawai za a ɓalle. Bututun da aka cusa wa kebul takwas, ranar da kake son zare ɗaya sai ka yi da-na-sani. Kuma a bar kebul ya juya a hankali in zai shiga, kada a karya shi kamar ana naɗe takarda.

Injiniya: NEC ya sa wa wannan ma lamba, Baba, 334.24: rabin faɗin da'irar lanƙwasar kada ya gaza ninki biyar na kaurin kebul ɗin. Kuma mai faɗi ba a buga masa maƙale a kan gefensa, a kwance ake kama shi. A buga ya riƙe, ba a buga har ya nutse cikin rigar ba.

Mai Sola: Ku ba ni wuri in sa baki. Turankin roba da kilif ɗin roba da ake ta ambata, a bugu na 18 na BS 7671 da ya fito a 2018 akwai ƙa'ida ta 521.10.202: a tallafe wayarin yadda ba zai zubo da wuri ba in gobara ta tashi. Roba kaɗai ba ta wadatar, sai an haɗa da maƙalin ƙarfe nan da can, har a cikin turankin. Ba haka kawai aka sa ta ba. A gobarar Harrow Court a Stevenage a 2005, da ta Shirley Towers a Southampton a 2010, 'yan kwana-kwana biyu-biyu suka rasu, kuma a duka biyun binciken ya tabo batun kebul da ya zubo bayan robar da ke riƙe da shi ta narke, ya sarƙe masu aikin ceto cikin hayaƙi. Da farko hanyoyin fita kawai dokar ta shafa, daga baya aka ce ko'ina. Sha-Yanzu, ka ce ba ka taɓa jin kebul ya faɗo ya yi kisa ba.

Sha-Yanzu: Wannan kam ban san da shi ba. Amma dai rabin mita a saman dibi ba zai sarƙe kowa ba.

Mai Sola: Rabin mitar a'a. Abin da ke bayanta fa? In daga can sama ma a kan roba suke tafe, duk tare za su sauko.

Wani abu kuma tunda akwatin ƙarfe ne. Na sha ganin an huda kafa biyu, layif ta shiga ɗaya, nutural ta shiga ɗaya, wai don tsari. A ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa, hakan na sa ƙarfen da ke tsakanin kafofin ya yi ɗumi in lodi ya yi yawa. Duka littattafan biyu sun hana, 300.20 a NEC, 521.5.1 a BS 7671. Wayoyin layi ɗaya, har da at, ta kafa ɗaya suke shiga. Akwai gilan da aka yi musamman don wayoyin mita, mai ramuka uku a jikinsa.

Kafinta: Gafara dai masu wuta, ni baƙo ne a nan. Ni ake kira in yi kabad in rufe dibi don mai gida ba ya son ganinsa. Tambayata, a ina zan huda bango ban ci karo da wayarku ba? Don in diril ya shiga, ni ake zagi.

Malama Mai Testa: Sannu da zuwa Malam. In an bi BS 7671, kebul da aka binne bai kai zurfin milimita 50 ba yana da hanyoyin da aka yarda ya bi: miƙe sama, ƙasa ko gefe daga soket, makunni ko dibi, sai cikin milimita 150 daga saman bango, sai cikin milimita 150 daga kusurwa. Kuma a sa masa RCD, wato makunnin da ke katse wuta in ta zurare, mai miliam 30, in ba mai sulken ƙarfe ba ne ko a bututun ƙarfe da aka haɗa da at. To ka ga saman dibi da ƙasansa da gefensa duk hanyar kebul ce, a nan ma suka fi yawa. Kada ka huda a layinsa. Ka matsa, kuma ka bi bangon da na'urar gano waya, don ba kowa ke bin ƙa'idar ba, wani a karkace yake ja don ya rage tsawo.

Injiniya: A bangon katako kuma, NEC 300.4 ya ce ramin da kebul ya bi ya yi nisan milimita 32 daga gefen katakon, in bai samu ba a buga farantin ƙarfe mai kaurin milimita 1.6 a kai. In diril ɗinka ya tsaya cak a kan ƙarfe a inda ba ka zata ba, kada ka ƙara ƙarfi, gargaɗi ne.

Kabad ɗin kuwa, Malam, da sauran magana. Sashe na 110.26 na son fili a gaban dibi: zurfin kusan milimita 900, faɗin milimita 762 ko faɗin akwatin in ya fi haka, tsayin mita 2, kuma murfin ya buɗe ya miƙe sosai. Ba a ajiye kaya a wurin. Dibi a cikin kabad ɗin tufafi kuwa an hana shi kai tsaye.

Kafinta: To ni mai gida cewa yake in sa masa kanta a ƙasa ya riƙa ajiye takalma.

Tsohon Hannu: Ka ce masa ranar da wuta ta yi tartsatsi da dare, cikin duhu zai nemi makunnin. Ƙofa mara zurfi da ke buɗewa gaba ɗaya, ba kanta, ba kwaɗo. In ya ƙi, ya kira mai wutar su yi magana da kansu, kada ka ɗauki nauyin.

Sha-Yanzu: Shi ke nan, na ji batun bush. Amma toshe kafar fa? Ni farin soson nan da ake samu a kwalin firji nake yankawa in cusa, yana zama daram.

Malama Mai Testa: Shi kam ka daina. Wannan soson ba ya shiri da rigar PVC. In sun daɗe a manne, yana tsotse sinadarin da ke sa rigar laushi, soson ya narke ya manne mata, ita kuma ta taurare ta fara karyewa. Ga shi yana cin wuta. Kafar da ba a amfani da ita akwai murfinta na toshewa, ƙaramar tazara a gefen kebul kuma akwai abin liƙi mai jure wuta da aka yi don haka. Wadda aka fasa da faɗi har murfi ba ya kama ta, sai dai a yanko farantin ƙarfe a ɗaure da sukuru a huda shi daidai gilan, in mai akwatin ya yarda da hakan, ko a canja akwatin.

Sha-Yanzu: Canja akwati dungurungum saboda kafa ɗaya? Wa zai faɗa wa mai gida?

Tsohon Hannu: Ogan yaron. Shi aka ba aikin.